Ruwan da Ba Ya Ɗiga Ƙasa

Dawuda direba ya naɗe hannu da tsumma ya murɗa murfin lagireto, tururi ya taso ya bugi fuskarsa. Ya leƙa, babu ruwa. Ko rabin hanya tsakanin Kusada da Kankia ba su yi ba, alhali da hannunsa ya cika shi da hantsi kafin a ɗaure buhunan gyaɗa.

Ɗanmaliki, mai motar, bai ko sauko ba. Yana zaune gaba, ya zuro ƙafa ɗaya ta ƙofa yana tauna goro. Ya ce shi bai yi mamaki ba. Mota tana shan ruwa kamar raƙumi amma ko ɗigo ba a gani a ƙasa, wannan ba ciwon ƙarfe ba ne, hannun mutum ne. Kuma an ga Dawuda ranar kasuwa a rumfar Sodangi, mai ɗaya motar da suke tseren kai gyaɗa sikelin Bature da ita.

"Fura na sha, Maigida."

"Fura. To in muka isa Kankia yau ba ka nuna mani inda ruwan nan yake bi ba, ka ba ni makullina. Sauran bayani ka yi wa alƙali."

Motocin soja Dawuda ya tuƙa a yaƙin Bama, amma bai taɓa gamuwa da ciwo irin wannan ba. Tun farkon kaka yake fama. Ya baza farin yashi ƙarƙashin motar ta kwana, ya tarar da shi a bushe. Ya cire lagireto ya kai Katsina, aka tsoma shi cikin ruwa aka hura, ko kumfa ɗaya bai fito ba. Baƙin mai yana nan baƙi, bai yi fari ba balle a ce ruwa yana shiga inji. Ya zuba garin kuka a lagireto ko zai toshe ɓula, ya zuba barkono, har motar ta riƙa ƙamshin miya.

Yau kuwa, kafin su tashi, ya bi ta marina ya roƙi ruwan baba cikin gora, ya tace da ƙyalle ya zuba a lagireto. Masu rini suna ta dariya, wai ko rawani zai rina wa mota. Lissafinsa shi ne, ruwan da ya faɗa kan ƙarfe mai zafi yakan tashi ya bi iska, shuni kuwa ba ya tashi.

Da inji ya huce ya cire riga ya kwanta ƙarƙashi. Sai da idonsa ya saba da duhun wurin sannan ya gani: wani siririn zane shuɗi a jikin inji, busasshe, kamar an ja da tsinken tozali. Ya bi shi da yatsa, ya yi sama, ya zagaya bayan tiyon ƙasa, ta ɓangaren da ke fuskantar inji, inda ido ba ya kaiwa. Nan yatsarsa ta taɓa abin da ba ƙarfe ba, ba roba ba. Fata ce.

Laya ce ƙarama, an ɗaure ta da waya a jikin tiyo, an murɗa wayar tam har ta ci cikin roba. In mota tana sanyi tsagar a rufe take. In ta yi zafi kuma hanya tana girgiza ta, sai ta buɗe, ruwa ya fesa kan inji ya ƙone.

Ya datse wayar da filaya, ya fito, ya ɗaga layar sama. Rabinta ya rine.

Ɗanmaliki ya tofar da goro ya diro. "Wa ya ce ka taɓa ta?"

Da jin haka Dawuda ya san ba aikin Sodangi ba ne. Ɗanmaliki bai ɓoye ba. Ya ce Modibbo na Kaikai ne ya rubuta, shi kuma ya ɗaure da hannunsa wata Juma'a da Dawuda ya tafi masallaci. Dawuda ya dubi sitiyari, inda layar tsarin haɗari take reto a fili tun ranar da aka sayo motar.

"Waccan ta haɗari ce. Wannan fa, ta mi ce?"

"Ta direba ce," in ji Ɗanmaliki, bai ko kau da ido ba. Ya ce mutum ba ya sakar wa baƙo dukiyarsa haka nan, ana ɗaure hannun duk mai niyyar cin amana. Dawuda ya nuna masa tsagar waya a jikin tiyo. Ɗanmaliki ya ce shi bai ga tsaga ba, abin da ya gani shi ne tun da aka ɗaura layar motar take kuka, ke nan akwai abin da take faɗa. A mayar da ita inda take, don Modibbo ya ce sai a kan hanyar da ruwa yake bi ya shiga cikin inji.

Dawuda ya ce za ta sake yanka robar. Ya ce a bari ya ɗaure ta da zare a wani wuri.

"Ka gani? Tsoronta kake ji."

Dawuda ya tsaya yana kallonsa, har wasu Fulani da ke kora shanu gefen hanya suka dakata su ga ko za a dambace. Sannan ya ɗauko tsohon tif na taya, ya yanko roba ya naɗe tsagar, ya ɗebo ruwa a rijiyar bakin hanya ya cika lagireto. Ya koma ƙarƙashi da layar da sabuwar waya. Ya ɗaure ta daidai inda ya same ta, ya murɗa tam kamar yadda mai ita ya murɗa.

Har Kankia motar ba ta yi zafi ba. Ɗanmaliki ya ɓare sabon goro, ya ce ai ga shi, da aka mayar da ita komai ya lafa.

Dawuda ya yi baya da motar har bakin sikeli, ya kashe. Ya jawo tabarmarsa da butarsa daga bayan kujera, ya aje makulli kan kujerar.

"Kai, ban kore ka ba."

"Na sani, Maigida. Facin nan zai kai ka kasuwa mai zuwa. In ta koma shan ruwa, kada ka wahalar da sabon direba. Ka kira Modibbo."

Ya rataya tabarma, ya goge shuɗayen hannuwansa a wando, ya ratsa cikin 'yan dako ya nufi rumfar Sodangi, inda kafin yau ba abin da ya taɓa kai shi sai fura.