Rumfar Karatun Hamdiyya

Tun da Hamdiyya ta shiga ajin ƙarshe na karatun lauya, gidansu da ke unguwar Bagama ya koma kotu. Ko gishiri ne ya yi wa miya yawa, sai ta kawo sashen doka. Mahaifinta Alhaji Isiyaku kuwa, kamar ya goya ta don alfahari. Da ta yi ƙorafin hayaniyar ƙannenta, rumfa guda ya sa aka kafa mata a bayan gida da tsofaffin kwanon rufi.

Jami'arsu ba ta yarda da binciken zaune ba. Malaminta ya ce tunda ta zaɓi yin rubutu kan masu gidan da ke yaye rufi don korar 'yan haya ba tare da zuwa kotu ba, to ta nemo wanda aka yi wa haka, ta bi masa haƙƙinsa ta ofishin taimakon shari'a na makaranta. In babu wannan, babu kammalawa.

A unguwar Chaza ta samu Mojisola, mai sayar da kayan miya. Ɗaki ba rufi ana tsakiyar damina, sai tamfol, ga jiƙaƙƙiyar katifa jingine da bango. Matar ta ce ba ta taɓa ganin mai gidan ba, wakilinsa Dokas ta sani. Shi ya zo da kafintoci, wai za a gyara a zuba ma'aikatan Abuja. Ran Hamdiyya ya ɓaci, ta rantse sai ta gurfanar da azzalumin nan ko ɗan gidan waye.

Abin da ya fi yi wa Mojisola ciwo kwano ɗaya ne, wanda marigayi mijinta ya liƙe hudarsa da gwangwanin tumatir da kwalta, daidai saitin gadonsu. Har shi suka kwashe.

Da la'asar Hamdiyya ta shiga rumfarta ta buɗe littafi, ruwa ya sauko. Ɗigo ya faɗo kan shafi, ta ɗaga kai. Jan gwangwani ne a baje, baƙar kwalta kewaye da shi. Ashe tun farkon damina a ƙarƙashinsa take haddace haƙƙin ɗan haya.

Ta miƙe tsaye ta ƙura wa kwanon Mojisola ido. Tana cikin lallashin kanta cewa ƙila sayo kwanon aka yi, sai ga Alhaji da laima, ya zo duba ta. Ta tambaye shi ko ya san wani Dokas.

"Mai kula min da gidan Chaza? Me ya yi?" Ya dubi jiƙaƙƙen shafin. "Af, yoyo take? Gobe a canza miki kwanon."

"Baba, a dai mayar wa mai shi. Ranar Litinin zan shigar da ƙara."

Ya yi dariyar jin daɗi, ya ce madalla, lauya ta fara aiki, wa za a kai?

Hamdiyya ta sake ɗaga kai ta dubi rufin. Alhaji ya bi idonta zuwa gwangwanin, ya tuna gidan da kwanon ya fito, dariyar ta tsaya.