Ginin da Ba Kowa a Ciki

Na gaji da zama tsakanin Baba da Suhaibu. Tun da ƙanen nawa ya ajiye karatun zaure, ya rataya na'urar ɗaukar hoto ya nufi Yamai, ba su ƙara magana da juna ba sai ta bakina. Baba ya ce, "Ki gaya wa wancan." Suhaibu ya ce, "Yaya Najaha, ki gaya wa tsoho." Ni kuwa ga awon hatsi a kasuwar Matameye, ga yara, ga ciwon baya, sannan an maishe ni 'yar aiken maza biyu masu taurin kai iri ɗaya.

Duk unguwa an san dokar Malam Munkaila, wato Babanmu: hoton mai rai ba ya kwana a gidansa. In aka ba shi kalanda mai mutum a jiki, sai ya sa reza ya yanke kan kafin ta hau bango. Gwangwanin madara mai saniya ma juya shi ake yi, saniyar ta kalli bango. Hoton marigayiya Innarmu a gidana yake, can ƙasan akwati. To a irin wannan gida ne Allah ya fito da mai hoto.

Ana saura 'yan makonni Babbar Salla Suhaibu ya kira ni. Ya ce yanzu gine-gine kawai yake ɗauka, ana sa su a gilashi, masu hali suna saye suna ƙawata ɗakunansu. Ya aiko wa Baba ɗaya.

"Ba mutum a ciki, Yaya. Ba tsuntsu, ko akuya babu. In ya yarda ya hau bangonsa, zan zo Salla. In ya maido, kada ki ƙara yi mini zancen gida."

Na san halinsa. Abin da ya faɗa shi zai yi, kuma Baba kullum tsufa yake yi.

Saƙon ya biyo ta Damagaram ya iso tashar garinmu, naɗe da bargo cikin kwali. Na buɗe a ɗakina. Hoto ne baƙi da fari, an zagaye shi da siririn baƙin katako. Wani ƙaton gini na siminti tsirara, ba fenti, ba zane, sai ginshiƙai a jere da matakala da ta karkace ta shige duhu. Wallahi na ɗauka ginin da ba a gama ba ne. Amma da na daɗe ina kallo sai na ji shiru ya sauko mini, irin na masallaci bayan an watse.

Ina goge gilashin da gefen zanena na gan shi. Can ƙasa, a jikin ƙofar gilashin ginin, ga wani ɗan mutum bai fi babban yatsa ba, ya sunkuyar da kai kan na'urarsa. Ko a cikin dubu na san wannan wuyan. Mai cika bakin cewa ko akuya babu, ya kori kowa daga hoton ya manta da kansa.

Na zauna bakin gado. In na gaya wa Suhaibu, zai ce a maido masa. In na kai haka, reza na jira. Ƙarshe na samo baƙin tef ɗin masu gyaran wuta, na yanki kaɗan na manna a kan gilashin, daidai wurin. Gefen duhu ne, idon Baba kuma ya yi rauni.

Bayan la'asar na same shi a zaure kan buzunsa. Na gaishe shi, na jingina hoton a gabansa.

"Daga wancan ne?"

"Daga shi ne, Baba. Gini ne kawai."

Ya sa tabarau, ya duba sama, ya duba ƙasa. "Wa ke kwana a nan?"

"Ba kowa. Biro ne, wurin aiki."

"Hmm. Sun ɓarnatar da siminti."

Har na fara sakin numfashi. Abin da na manta shi ne Baba ba ya yarda da ido shi kaɗai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin rubutun allo da yatsa, haka ya bi gilashin nan layi-layi, har farcensa ya tsaya a kan tef ɗin. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ɓanɓare tef ɗin.

Ya kai hannu ƙarƙashin buzu, inda rezarsa take. Na runtse ido, ina jin haushin su duka biyun, ina jin haushin kaina. Sai na ji ƙaramar ƙara, kar-kar, a kan gilashi. Da na buɗe ido, ragowar danƙon tef ɗin yake kankarewa a hankali. Ya hura wurin, ya goge da hannun rigarsa, ya ɗaga hoton har ya kusa taɓa hancinsa. Ya daɗe a haka.

"Ya rame," in ji shi.

Ya sa na nemo ƙusa da dutse. Na nuna sama, inda ake rataye kalanda, ya girgiza kai. Ƙasa ya buga ta, daidai fuskar mai zaune a kan buzu. Ya tsinci tef ɗin daga tabarma ya mayar a kan ɗan mutumin, doka ai doka ce, amma bakin sama kawai ya danne, na ƙasa ya bar shi yana reto yadda yatsa zai iya ɗagawa.

"Ki gaya wa wancan," ya fara, sai ya miƙo hannu. "Bar shi. Kira mini shi, ki ba ni wayar."