Yumɓu a Ɗakin 'Yardada

Tifa ta uku ce ke juye ɓaraguzai a cikin kududdufin lokacin da 'Yardada ta iso da kwando da fartanya. Ta ja ta tsaya, ranta ya ɓaci. Shekara arba'in ke nan tana haƙar yumɓu a wannan rami na gindin Goron Dutse, da shi take gina randa da tulu da kasko, kuma nan uwarta ta haƙa kafin ita.

"Baba, matsa kar ƙasa ta binne ki," in ji direban tifar, wani mai suna Gwadabe.

"Wa ya sa ku?"

"Aikin kansila ne. Shaguna za a yi, layi biyu. Nan da jibi ba sauran rami."

Ta juya ta nufi gidan kansila. Sati uku ke nan da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, amma har yanzu ƙofar gidan kansila Shehu ba masaka tsinke don 'yan taya murna. Ita ma ta sha rana a layi ta dangwala masa. Ta ratsa mutane ba ko sannu, har gaban tabarmarsa.

"A'a, Baba 'Yardada! Ai da kin aiko na zo."

"Da ka zo, ai da ka ga abin da ake yi wa ramina. Shehu, tukunyar da aka dafa wa uwarka ruwan wankan jegonka, daga ramin nan ta fito."

Mutane suka kwashe da dariya, shi ma ya yi ta yaƙe. Ya ce aikin gama ya riga ya gama, an sa hannu tun daga sakatariya, kuma ramin ba abin da yake haifarwa sai sauro. Amma akwai keken ɗinki da za a raba wa mata, zai sa sunanta a farko.

"In ɗinka me, randa?" Ta gyara mayafi. "Ban zo roƙon ka fasa ba, na san ba za ka fasa ba. Motocin nan da kaya suke zuwa, wayam suke komawa. Ga katafila can tana zaman banza. A kwaso min yumɓuna kafin a rufe shi."

Shehu ya ga wannan mai sauƙi ce. "Sawu ɗaya, Baba."

"Uku."

Aka tsaya a biyu.

Mai katafila ya zura cokalinsa a tsakiyar ramin, ya ɗago baƙar laka tana ɗiga. 'Yardada ta ɗan tsakura, ta murza a yatsa, ta ɗora a harshe, ta tofar.

"Wannan taɓo ne. In ka gina tukunya da shi, tun kafin ta ga wuta za ta tsage."

"Haba Baba, ƙasa ai ƙasa ce," in ji Gwadabe. "Muna da aiki fa."

Ta naɗe zaninta zuwa gwiwa, ta gangara cikin ramin tana dogara fartanya, ruwa har ƙwauri. Ta bi gefen gabas inda bango ya zaftare, ta kankare saman, sai ga wata ƙasa ja-ja mai santsi ta bayyana a ƙarƙashi.

"Nan! Ka zubar da kamu biyu na sama, abin da ke ƙasa shi nake so."

Duk cokalin da aka ɗago sai ta ɗanɗana kafin ya shiga mota. Uku ta mayar. Gwadabe ya gaji da mita, ya koma gindin taya ya zauna yana kallon ikon Allah.

Tifa ba ta shiga lungun cikin gari, saboda haka a bakin titi aka juye. Wajen la'asar tsibi biyu suka tare rabin hanya, masu babur suna wucewa suna tsaki. A lokacin ne kuma hadari ya fara haɗowa daga gabas. 'Yardada ta san ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke yumɓun nan ya zuba a kwata.

'Yarta Luba, wadda ke aure a Mandawari, ta zo da gudu da ta ji labari. Maƙwabta suka fito da kwanuka da bokitai, aka yi ta jigila. Rumfar da take gini ta cika, zaure ya cika har da ƙyar mutum ke raɓawa ya wuce, ga kusan rabin tsibi na biyu yana nan a titi.

"Inna, sauran sai dai tsakar gida," in ji Luba tana haki.

'Yardada ta ɗaga kai ta dubi sama. Iska ta fara kaɗawa. Ta shiga ɗakinta, ta naɗe katifa, ta sauke jeren kwanukanta, sannan ta kama kan gadon ƙarfen.

"Kama min can mu fitar."

"Gadon? To ke a ina za ki kwana? Damina ce fa, Inna!"

"Ni in ruwa ya dake ni ba na narkewa," in ji 'Yardada. "Kama."

Suka jingine gadon a jikin katanga. Ta ɗauki kwanonta ta koma bakin titi.