Jakar da Na Ɗinka wa Bindiga

Kwana arba'in da ɗaya bindigar ta yi a shagona, a bayan tulin ƙyallayen da kullum nake cewa zan yi matashin kai da su. Ƙanena ne ya kawo ta, ranar da gari ya hargitse aka ƙone motar 'yan sanda a bakin kasuwa. Ya shigo da ita a ƙarƙashin riga, idanunsa jajur saboda hayaƙi mai sa hawaye, ya ce, "Yaya, ɓoye min." Magidanci guda, direban tasi mai 'ya'ya biyu, wai shi ne da fizge bindiga a hannun ɗan sanda. Na tambaye shi me zai yi da ita, ya ce shi ma bai sani ba. Haka yake tun yana ƙarami, hannunsa ya fi kansa sauri.

Mutum uku aka kashe a unguwarmu ranar. Daga nan ba ɗan sandan da ya ƙara bi ta layinmu sai a mota, gilashi a rufe. Mu ma ko ɓarawo ya kwashe mana kaya ba mai zuwa ofishinsu. A da ni ce telarsu, rabin wandunan ofishin nan ni na buɗa musu ƙugu, ƙanena kuma shi ke kai musu ɗinkin in ya fita aiki. Duk wannan ya wuce, har gaisuwa ta mutu.

Sai aka kawo musu sabon shugaba, wani dogo mai furfura. Ya zo filin makarantar unguwa a ƙafa, ba bindiga, ya tsaya cikin rana muna ta yi masa ihu har muka gaji. Sannan ya ce bindiga ɗaya ta ɓata. Duk wanda ya kawo ta kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis, ba za a tambayi sunansa ba. In lokacin ya wuce, na sama da shi za su turo mutanensu a bincike gida gida, kuma shi ba zai iya hana su ba.

"Tarko ne!" in ji mai walda, maƙwabcin shagona. Kowa ya ce tarko ne.

Ƙanena ya ce mu jefa ta a kwata.

"Sai kuma me?" na ce. "Su zo su fasa ƙofofin mutane, wani ya sha duka ya nuna ka? Mutum nawa suka gan ka da ita?"

"To in kin kai suka riƙe ki fa, Yaya?"

"In sun riƙe ni ka ciyar da 'ya'yana. Kai dai kada ka kuskura ka leƙo waje."

Ƙarfin hali kawai na yi na faɗi haka.

Ranar Alhamis da safe na rufe shago ta ciki. Ba zan ratsa gari da bindiga a tsumma ba, sai na ɗauko ragowar baƙin yadi na ɗinka mata doguwar jaka. Na bi layi biyu kamar yadda na saba, na ɗaure kowace kusurwa da ɗan ƙulli na jan zare don kada ta ɓarke. Shekara ashirin ina yin haka a bakin kowane aljihu, hannuna ne ya yi, ban ma lura ba. Na sa takunkumin fuska, na ja mayafi har gira, na rungumi jakar kamar bandir ɗin yadi.

Mai gadin ƙofar ofishin yana hango ni ya gyara riƙon tasa bindigar.

"Tsaya nan! Me ke cikin jakar?"

"Abin da shugabanku ya ce a kawo."

Ya sa ni a gaba har kantar ofishin. Wani kofur yana zaune a bayanta, ya jawo ƙaton littafi, ya cire murfin biro da haƙori.

"Suna?"

"An ce ba a tambaya."

"Baiwar Allah, ba a karɓar kaya babu suna. Haka aikin yake. Suna?"

Na waiga. Mai gadin ya tare ƙofa. A raina na ce mai walda ya yi gaskiya, na kawo kaina da ƙafata. Duk da haka na ce, "To a kira min mai furfurar da ya yi alkawari."

Ya fito da kansa. Ya dubi jakar, ya dubi littafin, ya ce a kira Saje, mai bindigar, ya duba lambarta. Na san Saje sarai. Shi ne wanda duk wata uku sai ya kawo wando a ƙara masa ƙugu, yana rantsuwa wai wanki ne ke tsuke yadin. Mutumin da ya fito daga ɗakin baya kuwa da ƙyar na gane shi. Tun ranar da aka ƙwace bindigarsa aka dakatar da shi, wandon yana lilo a jikinsa, bel ɗin ya kai ramin ƙarshe.

Ya ɗauki jakar zai buɗe, sai babban yatsansa ya tsaya a kan jan zaren. Ya shafa shi. Ya sunkuya ya dubi bakin aljihun wandonsa, inda irin wannan jan zaren yake zaune daram. Sannan ya ɗago ya dube ni.

Takunkumi da mayafi duk sun tashi a banza. Ya san tela, ya san wanda ke kawo masa ɗinki a tasi, kuma ranar da aka fizge bindigar ido da ido suka yi da ƙanena.

Ya zaro bindigar, ya karanta lambar, ya cire gidan harsashi. Ya dinga fitar da su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan kanta, ba abin da ake ji a ɗakin sai ƙararsu.

"Talatin," ya ce. "Yadda aka ba ni. Ban harba ba, wanda ya ɗauka ma bai harba ba."

Kofur ya ce, "Yallaɓai, ai Saje ya ce in ya ga mutumin zai gane shi. Ita wannan ta san inda yake."

Shugaban ya juya ya dubi Saje. Ni ma shi nake kallo. Ina tuna 'ya'yan ƙanena, ƙaramar ko tafiya ba ta fara ba.

Saje ya ninke jakar a hankali, ya mayar da jan zaren ciki.

"Hayaƙi ya yi yawa ranar, Yallaɓai. Ban ga fuskar kowa ba."

Shugaban ya karɓi biron daga hannun kofur, ya ja layi a gurbin suna, ya rufe littafin. Ya ce da mai gadi, "Ba ta hanya." Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gida ba. Sai da na rufe ƙofa na yi kuka, kuka mai yawa.

Ranar Asabar da hantsi ina kan keke, ƙanena yana zaune a kujerar baƙi, sai na ji injin mai walda ya mutu. Layin ya yi tsit. Saje ne tafe a ƙafa, cikin kaki, ba bindiga, da leda a hannu. Mutane suka fito bakin shaguna suna kallonsa, ba wanda ya gaishe shi. Ya wuce su duka ya tsaya a ƙofata.

Ƙanena ya daskare a kujera.

Saje ya ajiye ledar a kan tebur, wandonsa ne a ciki. "Tela, wannan karon ragewa za a yi." Sannan ya juya. "Direba, ya iyali?"

Na sauke tef daga wuyana, na ce wa ƙanena, "Kai, tashi ka ba Saje kujera."

Ya tashi.