Ranar da Hajo Ta Kifa Firji

Shekarar da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke, firjin kananzir ɗin Hajo mai sayar da lemo a Yakasai ya daina sanyi, sai ƙanƙara jibge a sama. Anayo mai gyara kuwa ya gudu Gabas tun lokacin rikici.

Ta kashe wutar, ƙanƙara ta narke, ta gyara lagwani, ta ce wa mijinta, "Malam, kama mu kifa shi."

"Firjin? Lafiyarki kuwa?"

"Haka na ga Anayo yana yi in ruwan bututun ya kwanta."

Ya wuni a kife, suka miƙar da shi, suka kunna. Washegari lemo ya yi sanyi ƙalau.

Ta tura kwalba ɗaya can ƙurya. "Wannan ta Anayo ce. Kada wanda ya sayar."