Dawowar Gurgu Mai Sanda

Wilfred ya jera kujerun roba goma sha takwas a falo, ya ja da baya ya dube su, sannan ya kwashe shida ya mayar tsakar gida. Kujerun cocinsu ne. Tun zaman makokin mahaifinsa, Baba Ishaya, sati uku ke nan, ba a zo an ɗauka ba, shi ma bai tuna wa kowa ba.

"Mutum nawa za su zo?" matarsa Comfort ta tambaya daga kicin. "Don in san shinkafar da zan auna."

"Sun ce duk za su zo."

"Sun ce," ta maimaita, ta ci gaba da yankan albasarta.

Fim ɗin da za a taru a kalla na Chaina ne. Tsohonsa kashi huɗu ne, kuma a lokacin ba wanda ya san sunansa na gaskiya, sai yaran layinsu a Makera suka raɗa masa Gurgu Mai Sanda, saboda jarumin gurgu ne mai dogara sandar ƙarfe, da wani ramammen kare a bayansa. Duk layin, Malam Tanimu kaɗai ke da bidiyo. Tare suke aiki da Baba Ishaya a masaƙa, gidajensu na kallon juna. Kowace Asabar yara kan cika falonsa, 'yan masallaci da 'yan coci, gwiwa na gugar gwiwa, ɗansa Shehu na riƙe da rimot kamar sandar mulki, Wilfred a damansa.

A wannan falon ne, wanda yau Wilfred ya jera kujeru a ciki. Da rikicin shekarar dubu biyu ya ɓarke, Malam Tanimu ya loda iyalinsa a bayan wata a-kori-kura, ya damƙa wa Baba Ishaya makullai, suka haye gada, suka koma tsallaken kogi. Bayan shekara biyu ya aiko cewa ba zai dawo ba, in Ishaya na so ya sayi gidan. Tun ranar da suka tashi Shehu bai sake taka layin ba.

Waya ce ta sake haɗa su, a wani zauren WhatsApp na tsofaffin yaran layin. Da farko gaisuwar Sallah da ta Kirsimeti kawai ake yi a ciki. Sai shekara biyu da suka wuce, aka ji labarin za a sake yin Gurgu sabo fil, zauren ya kama da wuta. Ebuka, mai shagon kayan mota a Kakuri, ya rantse in suka canza fiton da ake yi kafin faɗa, ba zai kalla ba. Christy ta ce ita dai kada su sake kashe karen. Wilfred ya fi kowa zaƙewa. Yakan dawo daga makarantar da yake koyar da lissafi ya zauna ya rubuta doguwar wasiƙa a kan yadda ya kamata a yi kashi na biyar, kuma shi ya ce ranar da fim ɗin ya fito, a gidansa za a kalla, a inda aka fara.

Fim ɗin ya fito a satin da aka kai Baba ƙauye aka binne. Tun daga nan Wilfred ke karanta saƙonnin zauren kamar mai karanta allon talla daga cikin bas.

Ƙarfe ɗaya uzuri ya fara shigowa. Ebuka kaya sun iso masa daga Onitsha. 'Yar Christy zazzaɓi. Daniel yana da gwajin waƙa a coci. Wilfred ya bi kowane saƙo ya manna masa alamar babban yatsa. Ya duba cikinsa ko zai ji haushi, bai tarar da komai ba.

Biyu da 'yan mintoci keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa. Wani mutum mai tumbi ya sauko, gemunsa da furfura jefi-jefi, rungume da kankana. Ya tsaya yana duban lambar gidan.

"Wili?"

"Shehu. Kai ne ka zama haka?"

Suka yi musabaha, suka ɗan rungumi juna, kankanar a tsakaninsu.

"Ya haƙuri? Wallahi na so zuwa, sai na ji can gida aka kai shi."

"Mun gode wa Allah. Shigo."

Shehu ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shiga kansa a sunkuye, ya zauna a kujerar farko da ya tarar. Comfort ta fito suka gaisa, ya ce mata Madam, ta ce masa Alhaji. Bai tambayi ina sauran suke ba. Wilfred ya je ya tada janareta, ya dawo ya soka filashin da aka tura masa fim ɗin a kasuwar Kakuri.

Sabon gurgun kyakkyawan saurayi ne, ɗingishin nasa ma kamar rawa. Sandar tana fitar da shuɗin haske, tana tashi sama da kanta ta dawo hannunsa. Karen ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi. Komai tas, har ɗigon ruwan sama ana iya ƙirgawa, ba irin kaset ɗinsu na da ba mai layi-layi, wanda sai an hura masa iska an bubbuga. Wilfred ya kafa wa talabijin ido yana jira. Wajen minti arba'in fiton ya zo, shi ne dai, ba su canza ba, sai ganguna da suka ƙara masa. Shehu ya waigo, suka haɗa ido, kowa ya gyaɗa kai. Shekara biyu Wilfred yana jiran wannan fiton, ga shi ya zo ya wuce kamar abinci a bakin mai mura.

"Sun kashe kuɗi," Shehu ya ce.

"Sun kashe."

Comfort ta kawo shinkafa da miya a tire. Ta kalli mijinta kallon da ya gane, ta koma. Suka fara ci, faɗa na gudana a kan rufin wani gidan sama, ba mai kallo sosai.

Wilfred ya ajiye cokali. "Shehu, akwai maganar da ban faɗa a zaure ba. Gidan nan an sayar."

Shehu bai daina tauna ba.

"Mu biyar ne. Bayan biso muka zauna a ƙauye, ƙannena suka ce kowa a ba shi nasa. Ran Talata na sa hannu. Wanda ya saya rushewa zai yi, shaguna zai gina. Kafin Kirsimeti za mu tashi." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Na ga bai kamata ka ji a bakin wani ba. Gidanku ne kafin ya zama namu."

Ya yi tsammanin faɗin maganar zai yi masa nauyi, ko kuma ya sauke masa nauyi. Ta fita kawai, kamar yana kiran sunayen ɗalibai.

Sai a lokacin Shehu ya ɗaga kai ya dubi falon. Ya bi silin da kallo, da tayil ɗin ƙasa, da hoton Baba Ishaya cikin kwat da aka rataya wa baƙin ƙyalle, da kalandar coci.

"Wili, in gaya maka gaskiya? Tun da na shigo nake neman gidan, ban gan shi ba." Ya yi 'yar dariya marar sauti. "Shekara ashirin da biyar ina mafarkin falon nan. A mafarkin ya kai filin ƙwallo. Yanzu in na miƙe ƙafa sai ta taɓa talabijin. Ta yaya muke shiga mu talatin?"

"Ƙanana ne mu."

"Ina tagar nan take da?"

"Baba ya toshe ta da aka yi gini a baya. Ƙofar ma an matsar."

Shehu ya jinjina kai. "Hajiyarmu ta ce in duba mata bishiyar gwaibarta. Da hannunta ta shuka, shekarar da aka haife ni. Tun jiya take nanata mini, har da cewa in tsinko mata ko ɗanya ce."

"An sare. Saiwarta ta fasa sokawen ban-ɗaki."

"To." Ya ɗebi shinkafa, ya dube ta, ya mayar. "Zan ce mata ba lokacinta ba ne."

Suka koma ga fim. An kashe karen, a hankali, da kiɗa mai taushi. Wilfred ya tuna Christy, ya ce a ransa gara da ba ta zo ba.

Wayar Shehu ta yi ƙara, kiran sallar La'asar. A layin an daɗe ba a ji irin wannan sautin ba. Ya yi saurin kashewa, ya ce ko akwai inda zai ɗan yi alwala. Comfort ta kawo ruwa a jug, ta ciro sabon zanenta na zumuntar matan coci daga akwati, ta ga akwai rubutu a jiki, ta mayar, ta kawo farin zanin gado wankakke. Wilfred ya ture kujeru huɗu gefe.

Shehu ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya tsaya a tsakiyar falon da aka yi sunansa a ciki, zanin a hannu. Ya fuskanci ƙofa. Ya juya wajen bangon da taga take a da. Ya sake juyowa. Ya laluba aljihu zai ciro waya ta nuna masa alƙibla.

"Ba nan ba," Wilfred ya ce. Hannunsa ya riga bakinsa tashi. "Juya hagu. Ƙara kaɗan. Kusurwar can, inda firij yake. Nan babanku ke fuskanta."

Shehu ya dube shi. "Ka tabbata?"

"Kullum sai ana tsakiyar faɗa yake shigowa da darduma. Kai kana cika kana batsewa, ni nake ƙwace rimot in rage."

Shehu ya shimfiɗa zanin, ya daidaita ƙafafunsa, ya ɗaga hannuwa. A talabijin gurgu ya daka tsalle daga kan wani dutse, sandar na walƙiya. Wilfred ya miƙa hannu ya ɗauki rimot, ya yi ta danna shi har falon ya yi tsit.