Zuciya Biyu a Ɗakin Tiyata

Direban ya sa hannu a takardar amincewa da tiyata ta uku, biron yana zame masa saboda gumi. Matarsa tana kallonsa daga kan gado, an tokare mata baya da matashi uku, domin sati biyu ke nan in ta kwanta a miƙe numfashinta sai ya sarƙe. Malamar firamare ce. A gaban allo ta yanke jiki ta faɗi, da cikin wata shida, cikinta na farko da ya zauna a shekara tara da aurensu.

Likitar zuciya ta sake yi musu bayani a hankali. Wata ƙofa a cikin zuciyar ta tsuke, jini ba ya wucewa sosai, ga ciki yana ƙara mata nauyi kullum. Magani ya gaza. Za a tsayar da zuciyar, inji ya riƙe aikinta har a canja ƙofar.

"Shi ɗan fa?" in ji Malama.

"Injin ba ya tura jini kamar yadda zuciya take turawa. Wani ɗan yana jurewa, wani bugun zuciyarsa yana sauka. In ya sauka da yawa, sai mu ciro shi, kuma bai yi ƙwari ba tukuna."

"In muka jira wata biyu?"

"Ba na jin kina da wata biyu," likitar ta ce.

Malama ta gyara ɗankwalinta, ta dubi mijin. "Maigida, je ka sha iska. Fuskarka ta fi tawa kama da ta mara lafiya."

Ya fita, amma bai yi nisa ba. Da likitar ta fito bayan minti goma, ya tare ta kusa da wurin wanke hannu, ya rage murya.

"Likita, in abin ya zo da zaɓi, ita za ki riƙe min. Ita."

Likitar ta dube shi jim kaɗan, ta gyaɗa kai, ta wuce.

Ƙarfe tara na safe aka tura gadon ciki. Ya zauna a benci yana kallon ƙofar mai ɓari biyu. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, surukarsa ce, ya kasa ɗauka. Wani dattijo da ke gefensa ya miƙo masa ruwa, ya karɓa ya riƙe, bai sha ba.

Wajen azahar wasu nas biyu suka taho da sauri suna tura akwatin gilashin da ake sa bakwaini. Likitar yara tana biye da su tana sa safar hannu. Babu wadda ta kalle shi. Ƙofar ta rufe a bayansu.

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ɗauko addu'a, sai ya rasa ƙarshenta, ya koma farko. Mai goge ƙasa ta zo ta goge gabansa, ƙasar ta bushe, ba wanda ya fito.

Bayan awa ɗaya da rabi aka turo akwatin waje. Babu komai a ciki sai farin ƙyalle a ninke. Ya dafa bango.

Likitar zuciya ta fito, shatin hular tiyata a goshinta.

"Bugun zuciyar ɗan ya sauka sau biyu," ta ce. "Na biyun mun riga mun ɗauki wuƙa, sai ya dawo. Yana cikin uwarsa. Ita ma zuciyarta ta karɓi aiki."

"Shi ke nan sun tsira?"

"Ban ce ba. Naƙuda tana iya tasowa, jini yana iya ɓallewa. Kwana uku masu zuwa su za su gaya mana."

Ya goge fuskarsa da hannun riga. Har ta juya, ya sake kiranta.

"Likita, maganar da na yi miki ɗazu. Don Allah kada ta ji."

Ta tsaya, hannunta a kan ƙofa.

"Lokacin da ta kore ka shan iska, ita ma ta ba ni nata zaɓin," ta ce. "Ta ce kada ka ji."

Ta koma ciki. Ya daɗe a tsaye kafin ya ciro wayar ya kira surukarsa.